Shekarar da Babanku Ya Tafi Bawku Fanko

Awudu, an faɗa mini abin da ka yi a wurin addu'ar mai facin nan na bakin titi. Wani tsohon direba ya miƙo maka hannu ya ce, "Ɗan Fanko, ina gajiya," kai kuma ka janye naka, ka tashi ka bar masa benci. Ban yi maka magana a ranar ba, domin na san zuciyarka, irin ta babanka ce, sai ta huce take jin magana. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ku biyar na haifa, kuma na lura babu ɗayanku da ya san inda sunan nan ya fito. Kuna jin sa kamar zagi. To, da farko zagi ne, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai ina so ku ji yadda aka yi daga bakin wadda take tsaye a wurin, tun ina da sauran hankalina. Allah ya sa in faɗi daidai, ya jiƙan waɗanda zan ambata da suka riga mu.

Lokacin muna ɗaki ɗaya a gidan haya a unguwar Nima ta Accra, kusa da babban gwatan da ya raba mu da Maamobi. Habiba ta fara gudu, kai Awudu kana goye, ina kuma da cikin Rabi. Babanku Isifu ya daɗe yana tuƙa motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, wadda in ta tashi da safe sai kajin unguwa sun watse. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauki gishirin garin Ada a tasha ta kai Arewa, ta dawo da albasar Bawku. Matan gidanmu suna kirana matar mai mota. In na ce ba ni da na cefane sai su yi dariya, su ce in daina ɓoye arziki. Ni kuwa na san abin da ke cikin tukunyata. Shekarun nan ne da kaya suka ɓace daga kantuna, ana layin sabulu, ana layin madara, komai sai ta bayan fage, zamanin da ake ce wa kalabule. Abin da ya fi ɓacewa a wurinmu shi ne taya. In ka bi babban titin Nima a lokacin za ka ga manyan motoci jere a gefe, an cire musu ƙafafu an ɗora su a kan duwatsu, mata na shanya a jikinsu, awaki na kwana a ƙarƙashi. Injinsu lafiya lau, masu su ma lafiya lau, suna zaune a gindin bishiya suna dara. Taya kawai suka rasa. Kuma ban taɓa ganin motar da ta hau dutse ta sauko ba. Yau a sayar da batir don a ci abinci, gobe fitila, jibi kujera, har ta zama ƙwarangwal.

Wannan shi ne tsorona. Ban yi boko ba, allo na yi, shi ma ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni ido da yawan zullumi. Duk safiyar da motar ta kwana a bakin titinmu, in na fita sayen koko sai na bi ta wajenta na shafa tayoyin da tafin hannuna. Sumul suke kamar gwiwar jariri. A ɗaya ta baya har zare ya fara leƙowa. Sai in tsaya ina kallon zaren nan, ina jin ka kana motsi a bayana, Rabi tana motsi a cikina, in rasa abin da zan ce sai Hasbunallahu.

Wata rana da azahar, ya dawo daga tasha inda yake jiran layi, na ajiye masa dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da kifi, na zauna nesa kaɗan na yi ƙarfin hali.

"Baban Habiba, zan tambaye ka, kada ka ji haushi. Mota ta tafi cike, ta dawo cike. To ina abin yake shiga?"

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi dariya har ya ƙware.

"Ke ma kin fara? Ni ma abin da nake tambayar sitiyari ke nan daga Nsawam har Bolga. Matso ki gani."

Ya ɗauki curin dokunun ya ce wannan shi ne abin da mai gishiri yake biya. Ya gutsura ya ajiye gefe, ya ce na 'yan kamasho ne, masu haɗa mota da kaya a tasha. Ya sake gutsura, na masu lodi. Ya gutsuri babba, ya ce na mai ne, domin gishiri nauyi gare shi kamar ƙasa, in mota ta kama hawan Kintampo da shi, shan dizal take kamar an huda tankin. Ya gutsura, na masu shinge a hanya, domin mota mai kaya ita ake tsayarwa a daɗe ana zagaya ta. Ya gutsura, na mai faci. Abin da ya rage a hannunsa bai kai kan yatsa ba. Ya kira Habiba ya sa mata a baki.

"Kin gani? Ba a ma sa jira a lissafin ba. Ina zaune a tasha ina jiran layina, ku kuna ci, ni ina ci, motar ba ta motsa ba. Kin san abin da na gane, Ramatu? Gishiri ba ya ruɓewa. Shi ya sa mai gishiri ba ya sauri, sai ya ja ka da ciniki har ka gaji ka yarda. Albasa kuwa ruɓewa take, mai ita ba ya barci, abin da ka faɗa shi zai biya. Kakarta kuma gajera ce. Ina nan ina gadin gishiri, albasa tana can tana wucewa. Gishirin nan ba ni yake ciyarwa ba, tayoyina yake ci."

"To ka bar shi mana," na ce, ba tare da na san nauyin abin da na faɗa ba.

Daga baya ya ce mini ya fi wata yana juya maganar a ransa, bai samu bakin furta ta ba.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. A wancan lokacin, a wajen direbobin tasharmu, babu abin kunya kamar babbar mota ta kama hanyar Arewa babu komai a bayanta. Suna cewa rashin albarka ne, kuma raini ne ga sana'a. Direba ya gwammace ya ɗauki kayan da ya san zai faɗi a kansu, da a gan shi yana wucewa bodinsa na ƙara kamar gwangwani. Kuma wanda ya bar layi ya tafi, in ya dawo sai ya koma can ƙarshe. Mai riƙe da wannan ƙa'ida kuwa ba kowa ba ne sai Yaya Sule, wan babanku, shugaban 'yan kamashon tashar. Shi ya riƙe babanku bayan rasuwar iyayensu, shi ya koya masa tuƙi, shi ya je neman aurena. Tasa motar ta riga ta hau dutse a gaban gidansa. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya faɗa muku haka. Mutum ne da ya yi imani cewa in aka saki ƙa'ida ɗaya, tashar gaba ɗaya za ta watse.

Babanku bai iya zuwa ya faɗa masa a gaban mutane ba, sai ya roƙe shi ya biyo ta gida. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, na kawo ruwa, na koma bakin murhu inda nake jin komai.

"Yaya, ina so in tashi jibi."

"Layinka bai zo ba. Akwai motoci a gabanka."

"Ba da gishiri ba."

"Da me? Ka samu wani lodin a bayana?"

"A'a, Yaya. Haka nan zan tafi."

Yaya Sule ya ajiye kofin a hankali.

"Isifu, ni na ɗora hannunka a kan sitiyari. A wace rana na koya maka ka ƙona mai tun daga Accra don ka kai wa mutanen Bawku iska? Ba su da ita a can ne?"

"Yaya, tayoyin ba za su ƙara ɗaukar gishiri ba."

"To ka ajiye ta kamar yadda kowa ya ajiye, da mutuncinka. In ka fita fanko, gobe wani ya fita, jibi wani, mai gishiri ya zo tasha ya tarar ba mota, ni in ce masa me? In ce ƙanena ne ya fara?" Ya juyo wajena. "Amarya, ke ba za ki yi masa magana ba? Ko ke ce kika zuga shi?"

Na sunkuyar da kai, na ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama.

Ranar da ya faɗa, babanku ya tafi, ba komai a bayan motar. Direbobin tasha suka fito bakin titi suna tafi suna ihu, "Fanko! Fanko! A gai da iska!" Kafin la'asar sunan ya iso gidanmu. Mma Hawa mai gidan da muke haya ta leƙo ɗakina ta ce, "Ramatu, wai da gaske mijinki yawon shan iska ya tafi da mota?" Na ce mata Allah ya san abin da ya tafi yi.

To, ba zan yi muku ƙarya ba, tafiyar farko ba ta yi kyau ba. Ya isa da wuri, haka ne, mai kaɗan ya ƙona, a shinge ma ko tsayar da shi ba a yi sosai ba, leƙawa kawai suke su ga ba komai su yi dariya su ɗaga masa hannu. Amma ya daɗe bai dawo ba, kamar dai ya tafi da gishirin. Da ya dawo ya rame, ga taya ɗaya ta fashe masa wajen Tamale, an cusa mata faci a kan faci. Ya zauna a bakin gado ya kasa cin abinci.

"Albasa tana nan, Ramatu, tuli-tuli a gindin itatuwa, an rufe ta da ganye. Motoci babu, ni kaɗai ne. Amma babu buhu. 'Yan kasuwa suna yawo ƙauye-ƙauye suna neman buhu kamar masu neman ɓataccen yaro. Na zauna ina kallonsu suna haɗa ɗaya-ɗaya. Jiran da na gudu a nan, shi na tarar a can."

Washegari da hantsi sai ga mai kura ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya sauke duwatsu huɗu manya, masu faɗin kai. Ya ce Yaya Sule ne ya aiko, wai a faɗa wa Isifu ya zaɓo masu kyau ne, waɗanda ba za su lanƙwasa wa mota ƙarfe ba. Na san ba don izgili ya yi ba, da zuciya ɗaya ya aiko, kuma hakan ya fi ciwo. Babanku ya fito ya dube su, ya koma ɗaki. Duwatsun suka zauna a bakin zaure, kowa ya shigo sai ya kewaye su.

Maganar buhun nan kuwa ta ƙi fita daga kaina. Domin ni kullum ina cikin kasuwa, kuma na san inda buhu yake. Masu sayar da albasa a nan, in an sauke musu kaya, ba sa tsayawa kwance ɗinki, wuƙa suke sa wa su farke shi daga sama har ƙasa. Daga nan ya zama tsumma. Wani a yi rumfa da shi, wani a shimfiɗa a zauna, wani a goge ƙafa, sauran a jibge a bayan rumfa ɓeraye su yi gida. Ba mai tunanin mayar da shi Arewa, domin ya yage, kuma motocin da ke tafiya duk cike suke da gishiri mai jiƙa komai. Na goya ka na tafi wajen Anti Dede, wata 'yar ƙabilar Ga mai babbar rumfar albasa, wadda nake saye a wurinta. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji.

"Ei, matar Fanko! Kai ya zo sayen albasa ko ya zo sayen iska?"

"Anti, tsummokaran nan na bayanki nake so."

"Wannan? Kai zai yi me da shi, zai ɗinka wa miji riga?"

"Ki dai faɗi abin da zan ba ki."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta kalli cikina, ta daina dariya. Mace ce mai kaifin kai. Ta ce in kwashe nata a kan ɗan abin da ba zai dame ni ba, za ta kuma yi wa sauran mata magana, amma da sharaɗi: in albasa ta zo a cikinsu, ita za a fara sauke wa.

"Yoo," na ce mata, wato "to" irin tasu.

Saura kuɗin mai, da na igiya, da na sauran buhunan. Babu su a ɗakinmu. Abin da ke ɗakinmu shi ne kwanukana na jere, masu furanni ja da shuɗi, waɗanda uwata ta tara mini ɗaya bayan ɗaya da kuɗin ƙosai tun ina yarinya. Ban taɓa cin abinci a cikinsu ba. Goge su kawai nake in mayar. Na faɗa wa babanku abin da na gani a kasuwa da abin da nake so in yi. Da na zo kan kwanukan sai ya ɗaga hannu.

"A'a. Wannan na Habiba ne wata rana."

"Habiba tuwo take ci yanzu, ba kwano ba. In motar ta hau waɗancan," na nuna bakin zaure, "kwanukan za su tafi dai, ɗaya-ɗaya, a banza."

Ya sa hularsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Kafin ya dawo na kira dillaliya. Habiba, ga amsar tambayar da kika yi mini ranar jerenki, da kika ce ina kwanukan kakarki. Na ce miki sun tafi. Ban faɗa miki inda suka tafi ba. Sun shiga tankin mota.

Tsakar gidanmu ta koma wani abu daban. Buhuna jibge har sun kai taga, warin ruɓaɓɓiyar albasa ya kori har ƙudaje, kai Awudu kana ta atishawa. Na sayo basilla da igiya na zauna ina ɗinki, in yanka wanda ya lalace gaba ɗaya in yi wa mai dama-dama faci da shi. Mma Hawa ta fito ta toshe hanci ta ce za ta ƙara mini kuɗin haya saboda wari. Ta tsaya tana kallon ɗinkina, can ta ce, "Wannan ɗinkin naki ko gyaɗa ba zai riƙe ba, ba ni nan." Ta karɓi basillar ta zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun Yaya Sule, ta nuna mini yadda ake ninka baki a yi ɗinki biyu. Ashe a ƙuruciyarta ta yi aikin buhun goro a Kumasi. Da sauran matan gida suka ga mai gida ta zauna, su ma suka zauna. Ana ɗinki ana tsiya, wata ta ce in Fanko ya yi arziki ita atamfa take so, wata ta ce ita dai a wanke mata hannu da turare. Yatsuna suka fashe, igiya ta yanka ni a nan, tabon yana nan har yau.

Ranar da aka loda su, duk tarin nan ko rabin bodi bai kai ba, kuma motar ko nishi ba ta yi ba, domin buhu ba shi da nauyi. Da babanku ya bi ta gaban tasha sai ihu ya tashi, "Fanko ya samu lodi! Tsumma zai kai Bawku!" An ce Yaya Sule bai fito ba, yana cikin rumfa ya juya baya.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Bangon da kwanukan suke ya zama fili, in na shiga ɗaki sai in kau da kai. Habiba ta yi zazzaɓi. Duk ƙarar babbar mota da na ji a titi sai in leƙa bakin zaure. Ina lissafin cewa ko da komai ya tafi daidai, da sauran lokaci mai tsawo kafin in sa ran ganin babanku. Sai ga shi wata rana bayan la'asar, ina tankaɗe, na ɗaga kai na gan shi a bakin zaure. A ƙasa, ba mota, rigarsa baƙa ƙirin da mai, idanunsa ja. Tun kafin lokaci. Na san abin da hakan yake nufi, domin haka maƙwabcinmu ya dawo ranar da tasa ta mutu a daji. Rariyar ta faɗi daga hannuna. Na dubi duwatsun.

"A ina ta tsaya?" na ce.

"Wa?"

"Motar."

"Tana kasuwa, ana sauke wa Anti Dede. Ke, ba ni ruwa, kuma ki faɗa wa matan nan su wasa basillarsu. Jibi zan koma."

Na zauna a ƙasa daɓas, da cikina da komai, na fashe da kuka. Mma Hawa ta fito da gudu tana salati, ta zaci mutuwa aka yi. Da ta ji, sai ta rangaɗa guɗa har mutanen gidan gaba suka leƙo.

Labarin abin da ya faru a Bawku kuwa kun sha jin guntunsa a bakinsa, ko da yake ba ku san mafarinsa ba. Ya ce yana buɗe bayan motar, 'yan kasuwa suka ga buhuna, sai suka taso kamar an yi shelar rabon nama. Wani Alhaji ya riƙe masa riga ya ce zai saye duka, ya faɗi kuɗin da ya fi na gishiri nesa ba kusa ba. Babanku ya ce har zuciyarsa ta karkata, sai ya tuna in ya sayar, zai koma zaman jiran wanda zai ba shi lodi. Sai ya hau kan taya ya ɗaga murya.

"Jama'a, buhuna ba na sayarwa ba ne. Kyauta ne. Amma wanda ya zuba a buhuna, a motata zai ɗora, kuma ba ciniki."

Ya ce ba wanda ya tsaya jayayya, domin kowa yana jin warin albasarsa ta fara juyawa. Kafin rana ta faɗi an cika motar. Ga abin da har ya rasu yake dariya a kai: kayan da aka biya shi ya ɗauka sun kusa kashe motar, kayan da ba wanda ya biya shi ko sisi su suka tashe ta. Buhunan kuma ba su ɓace ba. Anti Dede ta hana yaranta sa wuƙa, ta ce a riƙa kwance ɗinki, in an juye a dawo mini da su. Suka riƙa zagayawa, su tafi fanko su dawo cike. Kafin motar da take gabansa a layin gishiri ta je ta dawo sau ɗaya, shi ya yi sawu da yawa, har na daina firgita in na gan shi a bakin zaure.

Kafin kakar albasa ta ƙare ya shiga Abossey Okai, wurin masu kayan mota, ya bi ta inda ake bi a lokacin, ya fito da sababbin tayoyi biyu. Daga baya ya ƙaro. Ranar da aka ɗaura na farko, na fita sayen koko da safe na bi ta wajen motar kamar kullum. Na kai hannu zan shafa, sai yatsana ya nutse a cikin zanen tayar har gaɓa. Ƙamshin sabuwar roba ya bugi hancina. Na tsaya a bakin titin Nima ina dariya ni kaɗai, masu jiran trotro, motar haya, suna kallona.

Abin bai zo kyauta ba. Da aka haifi Rabi, Yaya Sule bai zo suna ba. Matarsa ya aiko da goro. Babanku ya yanka rago, ya yi fara'a da baƙi, amma na ga yana ta duban ƙofa har aka watse. A ranar ne tukwane suka yi yawa murhu ya kasa, Mma Hawa ta ce a mirgino duwatsun nan uku a ɗora babbar tukunyar waakye, wato shinkafa da wake. Suka zauna daram kamar don ita aka sassaƙa su. Lallai ya zaɓo masu kyau.

An daɗe 'yan'uwan nan biyu ba sa haɗuwa sai a masallacin Juma'a, a yi musabaha a rabu. Abin da Yaya Sule ya ji tsoro ya faru kaɗan, domin wasu direbobin sun fara zamewa daga layi suna zuwa wajena a ɓoye neman buhu. Sai da wata kakar albasar ta zagayo, wata safiya ina tsakar gida ina ɗinki, na ji sallamar Yaya Sule. Babanku yana hanya. Na rasa inda zan sa kaina, na tashi zan ɗauko tabarma, ya ce in bari. Ya dubi murhun, ya gane duwatsunsa, sun yi baƙi da hayaƙi. Ya dubi na huɗun, ya share shi da hannu ya zauna a kai.

"Amarya, ina wadda aka haifa?"

Na miƙa masa Rabi. Ya riƙe ta ya yi mata addu'a mai tsawo, ya tofa mata a ka. Sannan, bai dube ni ba, ya ce:

"Akwai motoci a tasha da tayoyinsu suka kusa ƙarewa. Masu iyali ne. In kina da buhun da ya yi saura."

"Akwai, Yaya."

"To." Ya dubi inda yake zaune. "Dutsen nan yana da daɗin zama."

"Wanda ya aiko shi ya iya zaɓe," na ce.

Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har Rabi ta tsorata.

Daga baya duniya ta canza, taya ta dawo kanti, buhun leda ya shigo, kowa ya koyi dabarar, sana'ar ɗinkina ta mutu. Ban yi baƙin ciki ba, ta riga ta yi aikinta. Motar nan ba ta taɓa hawa dutse ba. Da ƙafafunta ta tsufa, da ƙafafunta aka sayar da ita aka sayi wadda ka fara koyon tuƙi da ita. Babanku kuwa da kansa ya sa mai fenti ya rubuta FANKO a goshinta da manyan haruffa, kana ƙarami ba za ka tuna ba. Ranar da muka tashi zuwa gidanmu na Maamobi, na ce sai an ɗora mini duwatsuna huɗu. Ya ce, "Ramatu, yanzu dutse zan ɗauka, kuma ba mai biya?" Na ce ai ya saba.

Uku suna nan a bayan kicin, a kansu aka dafa abincin bikin kowannenku. Na huɗun shi ne na gindin bishiyar tsakar gida, wanda kake zama a kai duk Juma'a kana cin tuwo kana cewa in bari ka sayo mini kujerar roba. Ba na so. Tsohon nan da ka bar wa benci yana cikin waɗanda Yaya Sule ya karɓar wa buhu a ranar. Ba zaginka ya yi ba. Ka neme shi, ka ba shi hannu, in ya ce Ɗan Fanko ka amsa.